Muhimmancin Labari Wajen Koya wa Yara Fahimtar Abin da Suke Karantawa

(Laccar da aka gabatar a taron iyaye da malaman makarantun Islamiyya)

 



An umurce ni da in yi magana a kan karatun yara ƙanana, kuma zan fara da wani abu da na gani da idona. Watarana na ziyarci wata makarantar Islamiyya, na shiga aji uku, na tarar ana darasin Hausa. Malamin ya tsayar da wata yarinya 'yar kimanin shekara tara, wadda ya ce ita ce gwanar ajin, ya ba ta littafi. Ta karanta shafi guda ba tare da ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba, 'yan ajin suka yi mata kabbara. Labarin wani manomi ne da jakinsa ya ɓace. Da ta gama sai na ce mata, "'Yata, a ina manomin nan ya samu jakinsa?" Ta dube ni, ta dubi malaminta, ta sunkuyar da kai. Na sake tambaya, "To, wane ne ya yi ɓatan jakin?" Sai ta koma farkon shafin ta fara karantowa daga layin farko, domin a iya saninta wannan shi ne abin da ake yi da littafi. Yarinyar nan ba daƙiƙiya ba ce. Abin da aka koya mata ta iya shi sarai. Laifin yana kan abin da ba mu koya mata ba.

Girman Matsalar

Kada mu ɗauka wannan ciwo na unguwarmu ne kaɗai. A shekarar 2019 Bankin Duniya ya fitar da ƙiyasi cewa kashi 53 cikin ɗari na yara a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi suna kai shekara goma ba su iya karanta gajeren rubutu su fahimce shi ba. A shekarar 2022, bayan rufe makarantu da annobar korona ta jawo, aka ƙiyasta adadin ya kai kashi 70, a ƙasashen Afirka da ke kudu da Sahara kuwa ya kusa yara tara cikin kowane goma. Mafi yawan yaran nan suna zuwa makaranta kullum, iyayensu suna biyan kuɗi, suna ɗinka musu tufafin makaranta, suna zaton ana samun ilmi.

Ya ku 'yan'uwa, wannan lamari ya fi shafarmu fiye da kowa. Mu ne muke kiran jama'a su nemi hujja, su daina bin magana don kawai wane ne ya faɗe ta. To, yaya wanda bai fahimci abin da ya karanta ba zai auna hujja? Yaron da ya tashi yana furta kalmomi ba ya riskar ma'anarsu, idan ya girma, duk wanda ya fi shi iya baki shi zai ja shi, ko da littafin yana hannunsa a buɗe.

Karatu Yana da Ƙafa Biyu

A shekarar 1986 wasu masana biyu, Philip Gough da William Tunmer, suka bayyana cewa fahimtar karatu tana tsayuwa ne a kan abubuwa biyu. Na farko shi ne iya haɗa baƙi da wasali a fitar da kalma, wato abin da muka sani a makarantar allo da babbaƙu da farfaru. Na biyu shi ne fahimtar harshen kansa, wato yaro ya ji magana da kunnensa ya gane abin da ake nufi. Suka ce alaƙar da ke tsakanin biyun irin ta "sau" ce a lissafi: idan ɗayansu sifili ne, sakamakon ma sifili ne, kome girman ɗayan. Yarinyar da na ba ku labarinta tana da ƙafa ta farko lafiyayya, amma ta biyun ba a taɓa ɗora ta a kan littafi ba.

Ina so a fahimce ni da kyau a nan. Ba ina sukar hadda ba ne. Tilawar Alƙur'ani ibada ce mai lada ko da mai karatun bai san fassara ba, kuma ta hanyar hadda Allah Ya kiyaye mana Littafinsa a ƙirazan bayinsa. Kuskuren da muka yi shi ne mun ɗauki hanyar hadda mun shimfiɗa ta a kan kowane darasi. Tauhidi hadda, Fiƙihu hadda, Sira hadda, har fassarar hadisi ma haddace ta ake yi, yaro ya zubo ta kamar ruwa, amma in ka juya masa tambayar kaɗan sai ya tsaya cik.

Magabata sun lura da wannan tun da daɗewa. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a Alƙahira a 1406, ya kwatanta hanyoyin koyar da yara a cikin Muƙaddimarsa. Ya ce mutanen Magrib suna taƙaita yaro a kan Alƙur'ani da rubutunsa kawai, saboda haka sukan tashi da rauni a wajen sarrafa harshe, su kuwa mutanen Andalus suna haɗawa da waƙa da insha'i da ƙa'idojin Larabci, shi ya sa suka fi ƙwarewa a harshen. Ya kuma kawo ra'ayin Alƙali Abubakar Ibn al-Arabi, babban malamin nan na Malikiyya mai littafin Ahkamul Ƙur'an, wanda ya ga ya kamata a fara ƙarfafa harshen yaro domin ya fahimci abin da zai karanta. Ibn Khaldun ya yaba wannan ra'ayi, ko da yake ya ce al'ada ba ta goyi bayansa ba, domin iyaye suna kwaɗayin albarka, kuma suna tsoron kada yaro ya balaga ya kufce bai samu Alƙur'ani ba. Mu a yau ba dole ne mu zaɓi ɗaya mu bar ɗaya ba. Hadda ta ci gaba a lokacinta, a kuma keɓe wa fahimta nata lokacin.

Me Ya Sa Labari?

Ƙafar nan ta biyu ana fara gina ta ne tun kafin yaro ya san baƙi ko ɗaya, kuma da kunne ake gina ta. Babu kuwa abin da ke riƙe kunnen yaro kamar labari. Ku yi wa ɗan shekara biyar nasiha ta minti uku ku ga yadda zai fara wasa da yatsun ƙafarsa, amma ku ce masa "watarana wani mutum" ku ga yadda zai matso.

Labari yana yi wa ƙwaƙwalwar yaro ayyuka da dama. Yana ba shi kalmomin da ba zai ji su a zancen tsakar gida ba, kamar ayari da fatake da fari da kurkuku da alƙawari, kuma yana ba shi su a cikin jimlar da ke bayyana ma'anarsu. Yana koya masa jeranta al'amura, wannan ya faru sannan wancan ya biyo baya. Yana koya masa dalili, cewa abu kaza ya faru ne saboda abu kaza. Mafi muhimmanci kuma, yana koya masa gano abin da ba a faɗa ba, domin babu marubucin da ke faɗin kome da kome, dole mai karatu ya cike giɓi da hankalinsa.

Wannan hanya ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Alƙur'ani mai girma cike yake da ƙissoshi, har akwai sura guda mai suna Suratul Ƙasas, kuma Suratu Yusuf, mai ayoyi 111, ƙissa ɗaya ce daga farko har kusan ƙarshe. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta tsara tarihin Annabi da labaran salihan mata cikin waƙe, a harsunan da matan karkara ke ji, ta ba jajis suka kai wa 'yan taru. Shaihu Abul Hasan Ali Nadwi na Indiya, wanda ya rasu a 1999, da ya ga ɗan ɗan'uwansa zai fara koyon Larabci, sai ya zauna ya rubuta masa Ƙisasun Nabiyyin da gajerun jimloli masu maimaita kalmomi, littafin da da yawa daga cikinmu da shi muka fara jin daɗin Larabci. A ɓangaren boko kuma, Alhaji Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce, littattafai uku, a ƙarshen shekarun 1930, domin 'yan makaranta, kuma iyayenmu da yawa labaran aku ne suka sa suka kamu da son karatu.

Da Wane Harshe?

A fara da harshen da yaro ke ji. Wannan magana ce da hankali ya yarda da ita, kuma an jarraba ta a ƙasar nan. Daga shekarar 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa a Jami'ar Ife suka koyar da wasu yara dukkan darussan firamare da Yarbanci har shekara shida, Turanci kuma aka koyar da shi a matsayin darasi guda. Yaran nan ba su kasa takwarorinsu ba ko a Turancin ma. Yaron da ya saba bin zaren labari da Hausa, ya saba tambayar dalili, zai tafi da wannan ƙwarewa zuwa Larabci da Turanci. Wanda kuwa aka haɗa masa wahala biyu a lokaci guda, baƙon harshe da baƙon rubutu, mafita ɗaya ta rage masa, ita ce ya haddace sauti.

Yadda Ake Ba da Labarin

Karanta wa yaro labari yana shiru har a gama yana da amfani, amma amfanin kaɗan ne. A shekarar 1988 wani masani a Amurka mai suna Grover Whitehurst da abokan aikinsa suka koya wa wasu iyaye su riƙa yi wa 'ya'yansu 'yan kimanin shekara biyu tambayoyi yayin da suke duba littafin hotuna tare, su saurari amsar, su ƙara faɗaɗa ta. Bayan wata guda aka tarar yaran nan sun fi waɗanda aka karanta wa kawai iya bayyana magana. Sirrin dai shi ne a sa yaron ya yi magana. Ga yadda za a yi a matakai uku.

Na farko, kafin a fara. A faɗa wa yaro sunan labarin, in akwai hoto a nuna masa, a tambaye shi me yake tsammani zai faru. A zaɓi kalma biyu ko uku masu wuya a bayyana su tun da wuri. In za ka ba da labarin da ayari ya fito a ciki, ka fara tambayarsa ko ya taɓa ganin raƙuma a jere, domin sabon ilmi yana neman tsohon da zai rataya a jikinsa.

Na biyu, a tsakiyar labari. A riƙa tsayawa, amma ba a kowace jimla ba, kada a kashe daɗin labarin. Tambayoyin iri biyu ne. Akwai wadda amsarta tana cikin labarin a fili, kamar wane ne, a ina, yaushe. Akwai kuma wadda sai an yi tunani. Bari in ba ku misali da gajeren labari: "Da la'asar akuyar ta tsinke igiya. Bayan magariba yaron ya shigo gida yana janye da ita, takalmansa a hannu, wandonsa a jiƙe har gwiwa. Mahaifiyarsa ta ajiye fitilar da ta ɗauko, ta koma ta zauna." In ka tambayi yaro me ya tsinke igiya, zai ce akuya, wannan mai sauƙi ce. Amma ka tambaye shi, ina akuyar ta tafi? Ba a rubuta ba. Sai ya haɗa jiƙaƙƙen wando da takalma a hannu ya gano cewa ta ƙetare rafi. Ka sake tambayarsa, me uwar za ta yi da fitila? Sai ya gano cewa hankalinta ya tashi, nemansa za ta fita. Duk amsar da ya ba ka, ka ce masa, "Yaya aka yi ka sani?" Wannan tambaya ita ce uwar tambayoyi, domin tana koya masa ya kawo dalili daga cikin abin da ya ji, kuma wannan shi ne farkon neman hujja.

Haka za a yi da ƙissar Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Idan an kai wurin da 'yan'uwansa suka kawo wa mahaifinsu rigarsa da jini a jiki, sai a tsaya a tambayi yara, me ya sa Annabi Yaƙub bai gaskata su ba? A bar su su yi ta lalube. Malaman tafsiri sun ambata cewa rigar ba ta yage ba, to wace irin dabba ce za ta cinye mutum ta bar rigarsa lafiya? Idan kuma an zo ƙarshen ƙissar, inda aka kawo wata riga aka jefa a fuskar mahaifin ganinsa ya dawo, sai a tambaya, a ina muka taɓa jin maganar riga a baya? Yaron da ya iya haɗa rigar baƙin ciki da rigar bushara ya riƙe labarin gaba ɗaya a kansa.

Na uku, bayan an gama. A rufe littafin, a ce wa yaro ya maimaita labarin da bakinsa, da nasa kalmomin. In ya kawo shi kalma da kalma kamar yadda aka karanta, to hadda ya yi, a ce ya ba ƙanensa labarin yadda ƙanen zai gane. In ya tsallake wani wuri, a taimaka masa da "sai me ya faru?" Daga nan a tambaye shi, da kai ne, me za ka yi?

Batun Tatsuniya

Na san wasu 'yan'uwa suna ƙyamar tatsuniya, suna cewa ƙarya ce. Abin da nake gani shi ne, ƙarya ita ce ka faɗi abin da bai faru ba da nufin a ɗauka ya faru. Yaron da aka ce wa "ga ta nan, ga ta nanku" ya san an shiga duniyar Gizo da Ƙoƙi, kuma da ya ji "ƙurunƙus" ya san an fito. Sharaɗi dai shi ne a tace. Wadda ke da batsa, ko tsafi, ko mai sa yaro tsoron dodo har ya kasa fita fitsari da dare, a bar ta. Wadda Gizo ya yi ha'inci a cikinta, a tsaya a tambayi yara wa ya cutu da wannan wayon. Kuma wajibi ne a rarrabe wa yaro tsakanin ƙissa da tatsuniya. Kafin ka fara ka ce masa, wannan ya faru da gaske, Allah ne Ya ba mu labarinsa, wancan kuwa ƙirƙira ce don darasi. A ƙissoshin Annabawa kada a ƙara gishiri don labari ya yi armashi, a tsaya a kan abin da ya inganta.

Kurakuran da Za a Kiyaye

Na ɗaya, bulala. Ibn Khaldun ya yi gargaɗi cewa tsanantawa ga ɗalibi tana koya masa kasala da ƙarya da yaudara. Yaron da ke tsoron duka ba zai yi hasashe ba, domin hasashe yana iya zama kuskure. In ya ba da amsar da ba daidai ba, a ce masa, "Mu koma mu sake ji."

Na biyu, amsar taro. Malami ya ce "kun gane?" yara sittin su ce "mun gane", alhali biyar ne suka gane, sauran amshi suka yi. A riƙa kiran yaro ɗaya-ɗaya, musamman na bayan aji da 'yan mata masu kunya.

Na uku, mayar da kowane labari wa'azi. In labarin minti biyar ne, nasihar da ke biye ta zama minti ashirin, gobe yaro ba zai matso ba. A bar shi ya ciro darasin da kansa, wanda ya ciro da hannunsa ya fi zama a zuciyarsa.

Na huɗu, miƙa wa yaro waya a ce ta ba shi labari. Waya ba ta tsayawa ta ji amsarsa, ba ta san kalmar da ta shige masa duhu ba. In an saurari labari a waya ko rediyo, to babba ya zauna tare da shi ya yi masa tambayoyin.

Aikin da Ke Kan Kowa

Ya ku iyaye maza, minti goma sha biyar tsakanin magariba da lisha ba za su rage muku kome ba a hirar ƙofar gida. Ya ku iyaye mata, kada wadda ba ta iya karatu ba ta ce wannan ba aikinta ba ne. Kin ji cewa da kunne ake gina fahimta, kuma ke ce kunnen yaro ya fi sabawa da muryarki. Ba shi labari da ka, ki yi masa tambaya, in kuma ya fara karatu ki sa shi ya karanta miki, ki ce ya bayyana miki abin da ya karanta. Ya ku kwamitocin makarantu, ku sa darasin labari a jadawali ko sau biyu ne a mako, ku tanadi akwati guda na littattafan Hausa masu sauƙi a kowane aji, kuma a jarrabawa ku riƙa sa tambayar da ba a haddace amsarta ba. Masu alƙalami a cikinmu kuma, yaranmu suna buƙatar ƙananan littattafai masu tsabtar harshe da tsabtar ma'ana, kada mu jira wani ya rubuta mana.

Ina roƙon kowa a wannan zama, yau da dare ya kira ɗansa ko 'yarsa, ya ba shi labari guda gajere, ya yi masa tambaya uku, ta ƙarshe ta zama "yaya aka yi ka sani?" Abin da kuka ji daga bakinsu, mai daɗi ko akasinsa, ku zo mana da shi zama na gaba mu tattauna.

Allah Ya shirya mana zuri'armu, Ya ba su ilmi mai amfani da fahimta a cikin addini, Ya gafarta wa iyayenmu da malamanmu. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuwa nawa ne, Allah Ya yafe mini.